Kujerar Dorcas Thwaite a Teburin Barori

A garinmu, Askerby, idan ka ce Dorcas Thwaite yara ba za su gane ba, amma da ka ce tsohuwa mai almakashi kowa ya san wa kake nufi. Kafin ta zama tsohuwa mai almakashi kuwa, ta yi shekara arba'in da tara tana taje kan mace ɗaya, safe da yamma, kuma a ganinta babu aikin da ya fi wannan daraja a duk ƙasar Ingila.

'Yar baduku ce. Ubanta sirdi da linzami yake ɗinkawa a bayan kasuwa, ita kuma ta gaji hannunsa a allura. Tana shekara goma sha huɗu aka kai ta aikatau, tana goma sha takwas aka zaɓe ta baranyar ɗakin Sibella, 'yar wani ƙaramin basarake, wadda za a ɗaura wa aure da Lod Aldergarth, basarake ɗan gado, mai babban gidan da ke kan tudu. Wannan a shekarar 1902 ne. Tun ranar ba a sake kiranta Dorcas ba sai a coci. Uwar ɗakinta Thwaite take ce mata, kamar yadda ake kiran kowace baranyar ɗaki da sunan ubanta.

Amma akwai sunan da ya fi wannan daɗi a kunnenta. Idan manya suka tafi baƙunci wani gida, lokacin farauta ko biki, barorin da suka raka su sunan iyayen gidansu ake kiransu da shi a ɗakin cin abinci na ƙasa, kuma da darajar iyayen gidansu ake jera su a tebur. Don haka shekara goma cur, duk gidan da suka sauka, sai sarkin barori ya gyara murya ya ce, "Aldergarth," Dorcas ta tashi ta riƙe hannunsa, ya kai ta kujerar da ke damansa. 'Yar badukun nan ta zauna ta miƙe wuya, masu furfura suna can ƙasa da ita suna jira ta ɗauki cokali. Ba ta taɓa yin murmushi a kujerar ba, don murmushi a wurinta alamar rashin sabo ne.

Lod Aldergarth mutum ne dogo mai ƙarancin magana. Ya fi sanin sunayen karnukansa da na 'yan uwan matarsa. Bai zagi Sibella ba, bai kuma taɓa sa ta dariya ba. Ta haifa masa ɗa namiji, Lionel, aka buga ƙararrawar coci wuni guda. Wata safiya a shekarar 1912 dokinsa ya ƙi tsallake shinge, shi ya tsallake, aka ɗauko gawarsa a kan ƙyauren gona. Aka sa shi a ɗakin da ke ƙarƙashin cocin gidan, inda akwatunan gawar kakanninsa suke jere a kan kanta, aka bar gurbi ɗaya kusa da nasa domin matarsa. Dorcas ta leƙa gurbin ranar, ta ji hankalinta ya kwanta. Ko ba komai ta san inda uwar ɗakinta za ta ƙare.

Bayan shekara huɗu Sibella ta auri Sa Hector Brough, mai masaƙun ulu, mutum mai tumbi da ƙarar murya. Dukiya kam akwai ta, amma sarautarsa ta jiya-jiya ce, kuma barori sun fi iyayen gidansu sanin irin wannan lissafi. Aka fara kiran Dorcas "Brough", aka mayar da ita tsakiyar tebur. Ta haɗiye. Shekara goma ana ci ana sha a gidan nan, har ranar da Sa Hector ya kife a kan farantinsa ana tsakiyar liyafa. Sibella ta sa baƙin kaya karo na biyu, Dorcas ce ta ɗinka su, kuma tana ɗinkin tana lissafa gwagwaren sarakuna da suka rage a ƙasar.

Sai ga Oswin Raine.

Likitan dabbobin garinmu ne, gajere, mai sanƙo, kullum takalmansa da taɓo. Wata karyar Sibella ce ta kasa haihuwa aka kira shi, ya zo ya durƙusa a kan shimfiɗar falo ya naɗe hannun riga, ya ce wa uwargida ta riƙe masa kan karyar, kamar yana magana da matar manomi. Ita kuma ta riƙe. Dorcas tana tsaye a bakin ƙofa ta ji uwar ɗakinta ta yi wata irin dariya da ba ta taɓa ji ba a shekara ashirin da bakwai.

"Ranki ya daɗe," in ji ta washegari tana taje mata kai, "mutumin nan fa hannunsa yake zurawa a cikin saniya. Har kafaɗa."

"Na sani, Thwaite. Yana wankewa."

"Me mutane za su ce?"

"Na yi aure don babana, na yi aure don in sami rufin asiri. Wannan nawa ne. Ja a hankali mana, gashin ba shi ya yi miki laifi ba."

Aka ɗaura aure a 1929, ba ƙararrawa ba taro. Sarautar ta tafi da auren, aka koma ce mata matar Raine. Suka tare a gidan dutse mai ɗaki biyar a gefen gari, inda warin maganin tumaki yake shiga har cikin labule. Karo na farko da suka je baƙunci bayan haka, sarkin barorin gidan ya karanto sunaye tun daga sama, Dorcas tana tsaye tana jira, har sai da aka zo ƙarshe ya ce, "Raine." Kujerar ƙarshe ce, kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa, tsakanin wani direba da kwandon burodi.

"A'a, yau manya ne a unguwarmu," in ji direban. "Miƙo gishiri, matar likita. Ko sai an yi miki busa?"

Ba ta miƙa ba. Ba ta kuma yafe wa Oswin Raine wannan gishirin ba har tsawon shekara goma sha takwas. Ba ta taɓa ce masa maigida ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin shanun". Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da safe sai ya ɗaga mata hula ya ce, "Ina kwana, Gimbiya Thwaite, yau ma ba a yafe mini ba?" ta wuce shi kamar ba ta ji ba. Abin da ya fi ƙona mata rai hannuwan uwar ɗakinta ne. Hannuwan da ta yi shekaru tana shafa wa mai tana sa musu safa don kada rana ta taɓa su, sai ga su suna riƙe igiyar maraƙi, suna ɗaga fitila a garke, har suka yi kaushi. Dorcas tana shafa man tana mita, Sibella tana ba ta labarin tunkiyar da ta haifi uku.

Mutumin shanu ya rasu a 1947, shekarar da ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Aka binne shi a maƙabartar cocin gari, can gefen katanga, inda shanun gonar maƙwabta suke leƙo kai. Manoma sun zo da yawa har coci ta kasa ɗaukarsu. Dorcas ta ga haka, amma ba ta sauya ra'ayi ba.

Matan biyu suka ci gaba da zama su kaɗai. Wata safiya ta bazara, shekara huɗu bayan haka, Dorcas tana taje farin gashin nan da ya zama kamar auduga, Sibella ta kalle ta ta cikin madubi.

"Thwaite, in na tafi, kusa da Oswin za a sa ni. Ba na son ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Na sha sanyin gidan da raina, ya isa."

"Ranki ya daɗe, gurbinki na can yana jira."

"Ya yi ta jira. Ke na gaya wa, don Lionel in na fara irin wannan magana sai ya kama zancen yanayi. Kin ji ni?"

"Na ji."

Sibella ba ta rubuta ba, ba ta kuma gaya wa wani ba. Kafin wata ya ƙare ta rasu a kujerarta, da rana tsaka, da kofin shayi a gefenta.

Lionel ya zo, wanda yanzu shi ne Lod Aldergarth, dogo kamar ubansa, furfura ta fara masa. Mutumin kirki ne, sai dai bai san uwarsa sosai ba, don makarantar kwana ce ta raine shi. Ya ce za a kai ta gida, a buɗe ɗakin ƙarƙashin coci, a rubuta sunanta na farko a kan akwatin. Ya juyo ya dubi Dorcas.

"Ta bar wata magana, Thwaite?"

Nan ne fa. Shekara ashirin da biyu Dorcas tana jiran ranar da za a mayar da uwar ɗakinta inda ya dace da ita, ga ranar ta zo, kuma ba wanda ya ji zancen madubi sai ita.

"Babu, ranka ya daɗe," in ji ta.

Aka ɗauki gawar zuwa babban gida, Dorcas ta bi. Gidan ya tsufa. Inda da barori talatin suke, yanzu shida ne, rabin ɗakunan a rufe. Amma tsoho Metcalfe, sarkin barori, wanda ta sani tun yana goge cokula, bai saki al'ada ko ɗaya ba. Da lokacin shayin la'asar ya yi, ranar jajiberin jana'iza, ya tsaya a kan teburin nan mai tsawo, ya gyara murya.

"Tunda uwargida ta dawo gida," in ji shi, "Aldergarth."

Ya miƙo mata hannu. Ta riƙe, ya kai ta kujerar dama. Kujerarta ce dai ta da, har da tsagewar da ke hannunta na hagu. Ta zauna ta miƙe wuya. Aka zuba mata shayi kafin kowa, mai dafa abinci ta turo mata farantin waina tana cewa, "Ci mana, 'yar uwa, kin dawo inda kika fito. Mun ji irin zaman da kuka yi a gidan mai shanu, Allah sarki. An ce har garke yake kai ta."

Dorcas ta ɗauki kofin. Da safen nan ita ta yi wa uwar ɗakinta shiri na ƙarshe, ta taje kan, ta shafa mai a hannuwan, ta ji kaushin nan a tafinta, wanda shekara huɗu na zaman ɗaki bai goge ba. Ta tuna a gidan nan ta yi shekara goma tana shafa wa hannuwan mai suna da laushi kamar na jariri, kuma ba ta taɓa jin mai su ta yi dariya ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Matar da ba ta taɓa roƙonta komai ba sai abu ɗaya, ta sayar da shi don kujera.

Ta ajiye kofin bai taɓa bakinta ba.

"Metcalfe, ka yi kuskure. Raine ake ce mini."

"Haba, Thwaite, ai don girmamawa..."

"Na gode. Ke kuma mai dafa abinci, ba mai shanu ba ne, likita ne. Maigidanmu ne."

Ta tashi. Tsakanin ɓangaren barori da na masu gida akwai ƙofa mai koren ƙyalle, wadda bara ba ya tura ta sai an buga masa ƙararrawa. A shekara hamsin da uku na aikatau Dorcas ba ta taɓa tura irinta ba tare da an kira ta ba. Ranar ta tura. Ta sami Lod Aldergarth a ɗakin karatu da limamin coci, suna tsara wanda zai bi wa a layi.

"Ranka ya daɗe, na yi maka ƙarya. Ta bar magana."

Ta faɗa masa duka, har da zancen sanyin gidan, ba ta rage ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Na fi son nan ɗin ne. Ni, ba ita ba."

Ya cire tabarau ya goge, ya ce wa limamin a aika wa mai haƙan kabari na gari.

Aka binne ta a gefen katanga, kusa da Oswin, shanu biyu suna kallo. Gurbin da ke ƙarƙashin coci har yau babu kowa a ciki. Wasu daga cikin dangi ba su zo ba, kuma Metcalfe bai sake yi wa Dorcas magana ba har ya mutu.

Ta yi shekara goma sha bakwai bayan haka a wani ɗan ɗaki kusa da gidan waya. Kowace Asabar da hantsi sai ta fito da almakashin ɗinkinta a jaka, ta durƙusa da ƙyar a gefen kabarin, ta bi ciyawar tana daidaita ta kamar gashi, tana ba uwar ɗakinta labarin gari. Da farko nata kawai take gyarawa. Amma ciyawa ba ta san iyaka ba, ta likita takan kwanto ta ɓata mata aiki, sai ta fara datse bakin tasa, daga baya ta koma gyara duka biyun. Masu wucewa sukan ji ta tana mita.

"Dubi yadda ka bar kanka. Kullum kai ke nan, ba tsari."

Wata Asabar, shekarar da za ta rasu, matar limami tana jera furanni a bayan katanga ta ji tsohuwar ta gama, ta dafa dutsen likitan don ta miƙe, ta tsaya tana haki.

"To," in ji ta, "an yafe maka, maigida. Sai ka matsa kaɗan, ina nan tafe, kuma ba zan kwanta kusa da ƙofa ba."