Tseren da ya ratsa ta Wunti

Ko da zan manta duk tseren keken da na yi a rayuwata, ban da wanda muka yi ni da aminina, ɗan unguwar Wunti. Shi ne tseren zaɓen wanda za a ɗauka cikin 'yan wasan jiha, kuma gurbi ɗaya ya rage. Kowa ya san nasa ne, don ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Mahaifinsa kuwa ya riga ya yanke magana: in bai shiga bana ba, ya jingine keke ya koma shago.

A shekarar ne kocinmu ya samo mana mita, na'urar da ke auna ƙarfin da mutum ke taka feda, ta nuna lamba a kan kambun keke. Ya gwada kowa, ya ba shi lambar da zai tsaya a kanta. Ya ce, "Yara, duk wanda ya haura lambarsa da safe, zai biya da rana. Ku bar masu gaggawa su wuce." Aminina ya fi kowa riƙe wannan, har tsokanata yake yi wai ni da mita kamar makaho da madubi.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne hanyar tseren ta bi ta Wunti tun ba a yi nisa ba. Muna shiga unguwar na ga mutane cike da bakin titi, teloli sun baro aiki, masu acaɓa suna ta hon, ana kiran sunansa. Can a ƙofar shago ga mahaifin nasa a tsaye da carbinsa, mutumin da bai taɓa zuwa kallon ɗansa ba. Ni da aminina kuwa muna can baya, muna lallaɓa lambarmu.

Na ga ya dubi mita, ya dubi mahaifinsa. Na ce, "Kai, kar ka fara." Ya ce, "Ba zan wuce gaban Baba a baya ba." Sai ya miƙe a kan feda. Wallahi ban taɓa ganin gudu mai kyau irin wannan ba. Ya wuce kowa, unguwa ta ɗauki sowa, shi kuma kunya ta hana shi sassautawa har muka fita gari.

A hanyar dawowa, wajen Tirwun, rana ta take, na tarar da shi. Ƙafafunsa sun ƙi, leɓɓansa sun bushe, lambarsa ko rabi ba ta kai ba. Na rage gudu na ce ya laɓe a bayana. Ya girgiza kai. "Tafi kawai, kar mu rasa mu biyu." Na tafi, ni aka ɗauka, kuma har yau ban ji daɗin gurbin nan yadda ya kamata ba.

Yanzu yana shago yana auna yadi. Ranar da na je ta'aziyyar mahaifinsa, aminina ya ce min har tsohon ya rasu labari ɗaya yake ba baƙi: ranar da ya ga ɗansa a gaban kowa. Ya faɗa yana murmushi, amma bai iya kallona ba.

Daga nan na gane cewa haƙuri a dokar daji ba wuya. Wuyarsa sai a gaban wanda kake so ya yi alfahari da kai.