Barakatu da Irin Geron Habila

Barakatu mai ƙuli ba ta da bakin da ake zuwa gidan makoki da shi, wannan kowa a ƙauyenmu ya sani. In ka bi hanyar Sandamu ka ratse wajen kukoki, gidajen Kirista da ke bayan rijiya mu ne. Ba mu da yawa, shi ya sa ko tari mutum ya yi sai an san nasa ne. Nan aka haife ta, nan ta auri mai amalanken shanu, gyaɗa kuma ita ce sana'arta tun ba ta kai tsayin turmi ba. Muryarta a waƙa kamar ana kankare ƙanzo, don haka a coci can baya ake ajiye ta. Ankon matan zumunta kuwa ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ta ce Ubangijin da ya gane ta cikin zane mai man gyaɗa ba za ta ɓace masa ba don ba ta sa mai ruwan ɗorawa ba.

Ƙawarta ɗaya a duniya, Rahila matar Habila. Tare suka yi tallar ƙuli suna yara. Rahila irin matan nan ce da in ka taka musu ƙafa su za su ce maka yi haƙuri.

Habila ya rasu bayan kaka, ya bar mata 'ya'ya ƙanana da rumbun gero wanda in an lallaɓa zai kai su damina. Ya kuma bar dami guda na iri, zangarniyar da ya tsince da hannunsa, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Manomi in ya mutu, abin da ya bari na gaske ke nan.

Sai ga masu ƙarfafawa.

Mama Tabita ce shugabar matan zumunta na cikin garin Daura, mace mai jiki, mai tabarau, mai addu'ar da sai gwiwarka ta mutu ba ta kai amin ba. Ta ciko mota da mata cikin anko, suka zo ta'aziyya. Wannan ba laifi. Laifin shi ne da suka yanke shawara a tsakaninsu cewa duk Alhamis za su riƙa zuwa su ƙarfafa gwauruwa. Su zo da hantsi, su baje a tabarmin Rahila, su buga tulu, su kaɗa caki, a karanta aya, a ɗaga waya a ɗauki hotonta tana kuka an dafa mata kafaɗa. Rana ta take, babu mai niyyar tashi. To wace 'yar halak ce za ta bar baƙi daga birni su koma da yunwa? Rahila ta shiga rumbu, ta sussuka, ta surfa, ta dama fura, ta tuƙa tuwo. Su ci su suɗe, Mama Tabita ta ce, "Kai, tuwon ƙauye daban ne. 'Yar'uwa, ki yi ƙarfi, muna tare da ke." Abin da suke kawowa kuwa sabulu sanda ɗaya, shi ma sai an riƙe shi sama an ɗauki hoto.

Na ga akuya a gonar wake, ba ta yi ɓarnar waɗannan ba, ita akuya ma ba ta cewa ka gode mata.

Maƙwabcinmu Malam Badaru, Musulmi ne, ya aiko da kwanon dawa a asirce, ita ma dawar a tumbin masu anko ta ƙare. Barakatu ta yi wa Rahila magana ba sau ɗaya ba.

"Ke, ki ce musu babu."

"Haba Barakatu, mutanen Allah ne, don ni suke zuwa."

"Don ke ko don tukunyarki? Ki ba su ruwan randa mako ɗaya ki ga wadda za ta dawo."

Rahila ba ta iya ba. Kafin bazara ta yi nisa, sai da ta zura rabin jikinta a rumbu kafin ta taɓo gero. Wata Alhamis ta zura ta taɓo ƙasa. Baƙi na tsakar gida suna waƙa. Ta shiga madafa, ta jawo turmi ta taka, ta miƙa hannu ga damin irin Habila.

Barakatu tana bakin ƙofa. Ta ture ta daga kan turmin, ta sauke damin, ta aza a ka, ta ratsa ta tsakiyar masu waƙa har tana taka wa wata gefen zane.

Mama Tabita ta cire tabarau. "Baiwar Allah, ina za ki da abincin marayu?"

"Inda haƙoranki ba za su kai ba, Mama."

Ranar ba a ci tuwo ba. Aka koma Daura da labarin an yi wa gwauruwa fashi da rana tsaka. Dattawan coci suka kira Barakatu, suka ce ta mayar ta kuma ba Mama Tabita haƙuri. Ta ce damin yana nan, ko ƙwaya ba ta taɓa ba, amma ba zai koma gidan da ake zuwa kiwo duk Alhamis ba. Aka sa ta horo, aka hana ta Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake rabawa a coci. Dattawan nan duk manoma ne, sun san mene ne iri, amma motar birni ta fi ƙarfin idonsu. Rahila ma ta daina gaishe ta, wai ta kunyata ta gaban baƙi.

Masu ƙarfafawa suka ƙara zuwa sau ɗaya, aka ba su ruwan randa, daga nan aka ce hanya ta lalace. Hanyar da ko yayyafi bai taɓa ba tukuna.

Da gidan ya yi shiru, sai mutuwar Habila ta sauko wa Rahila da gaske. Da can hidimar tuwo ta hana ta zama ta ji. Ta kwanta a ɗaki, ba wanka, ba tsefe kai. Yaran a gidan Barakatu suke ci, uwarsu ta sani. Ita kuma Barakatu ba ta je ta ce mata sannu ba. Ta ce an yi mata sannun da ya ishe ta har ta mutu.

Ruwan shuka ya sauka, mai kyau, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Gari na wayewa kowa ya nufi gona. Barakatu ta bar tata gonar wa mijinta, ta sussuke damin nan, ta zuba a ƙwarya, ta ɗauki sungumi, ta shiga ɗakin Rahila ba sallama. Ina tsakar gidan, na je duba Rahila, da kunnena na ji.

"Tashi."

"Ki ƙyale ni."

"Ga irin mijinki. Ni sara zan yi, ba zan zuba ko ƙwaya ba. In kin ga dama ki kwanta, rana ta shanye ramukan, baɗi ki aika 'ya'yanki Daura su ci hoto."

Ta dire ƙwaryar a bakin gado ta fita.

Gonar Habila tana bayan gidan, ana hango ta ta kan danga. Barakatu ta kama sara, layi bayan layi, ba ta waiwaya ba. Ramuka a buɗe, rana tana hawa, bakin na farko har ya soma fari. Na ce a raina yau wannan mai taurin kan za ta kashe gona ta kashe zumunci.

Sai ga Rahila ta fito, ɗankwali a karkace, ƙwarya a hannu, tana tafiya kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta tsaya a ramin farko ta daɗe. Ta ɗebi iri da yatsu uku ta zuba, ta rufe da diddige.

"Barakatu, ke muguwa ce."

"Na ji. Ki rage hannu, ba tuwon baƙi kike yi ba."

"Kuma layinki a karkace yake. Habila ba haka yake sara ba."

"To ki zo ki karɓi sungumin."

Ba ta karɓa ba ranar, ta dai bi ta a baya, tana zubawa tana rufewa tana zaginta, har suka kai ƙarshen gonar. Geron ya yi, bai cika rumbu ba amma ya kai su wata kakar. Barakatu tana nan tana matsar mai, an ɗage mata horon ba tare da ta ba kowa haƙuri ba, a coci kuma har yau a baya take zama, Rahila a gefenta.