Sata Goma Sha Ɗaya a Ainu Shams

Ko shekara nawa Allah ya ara mini, ba zan manta da abin da na jawo wa wata yarinya a Alƙahira ba, a shekarata ta ƙarshe ta karatun kwamfuta. Har yanzu idan na tuna sai in rasa ko dariya zan yi ko in sunkuyar da kai.

A lokacin ina haya a unguwar Ainu Shams saboda arahar ɗaki. A layinmu akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, wanda kowa ke kira Kaftin. Ya daɗe yana aikin gyaran fili a wata makarantar baƙi, a can ya koyi wani wasa da ake kira besbol, ya zo yana koya wa yaran unguwa, maza da mata, duk Juma'a bayan la'asar. Wata rana ya tare ni da tarin takardu a leda, wasu sun sha shayi, wasu sun yage. Ya ce wata ƙungiyar wasanni a cikin gari za ta ɗauki yara uku daga wajensa, amma sai ta ga lissafin abin da kowa ya yi a fili. "Ɗana, an ce kai ne mai kwamfuta. Yi mana abin da zai riƙe wannan a waya." Ni kuwa dama ina neman aikin kammala karatu. Na amsa nan take.

Juma'ar farko na je fili na tsaya kamar an dasa ni. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, na saba da raga biyu da agogo. Nan babu raga, babu agogo, kuma masu tsaron gida su ne ke riƙe da ƙwallo. Ɗaya ya jefa, ɗaya ya kai bugu da sanda, in ya samu sai ya yar da sandar ya sheƙa da gudu. Akwai matsaya huɗu da Kaftin ya raɗa wa suna zango, sai ka zagaye su duka ka dawo kafin a ba ka maki ɗaya. Wani ya buga ya tsaya, wani bai buga komai ba aka ce ya wuce zango na ɗaya abinsa. Yara na ihu, ni ban san wa ke cin wa ba.

Kaftin ya zaunar da ni a kan dakali ya jero mini abin da za a riƙa ƙirgawa, rabi da Hausa rabi da Larabci, da sauri kamar ana korarsa: bugu, maki, fita, kuskure, sata. Yana faɗa ina cewa "Tamam, tamam," wato na gane, ina rubutawa. Gaskiyar magana ban gane ko rabi ba. Amma ni ne ɗan jami'a, shi kuwa mai gyaran fili, sai na ji nauyin in ce ya maimaita. Da na koma ɗaki na raba jerin gida biyu da hankalina. Bugu da maki na sa su a abin yabo. Kuskure da sata na haɗa su a ƙarƙashin laifuffuka, na tsara a riƙa rage wa yaro daraja duk lokacin da ya yi ɗaya. A tunanina sata wata ƙeta ce irin ta fili, kamar taɓa ƙwallo da hannu.

Manhajar ta yi kyau, ba yabon kai ba. Kaftin na danna maɓalli ɗaya, komai ya shiga. Wata biyu muna tarawa. Na ƙara wani abu da ba a ce in yi ba: a ƙarshe ta tura wa kowane uba ko uwa saƙo da Larabci, ga abin da ɗanka ya yi. Ran Laraba na tura wa ƙungiyar jerin, saƙonnin iyaye ma suka tafi. Ko Kaftin ban nuna wa ba, ina so in ba shi mamaki.

Ran Juma'a yarinya ɗaya ba ta zo ba. 'Yar shekara sha biyu ce, siririya, ba ta cika magana ba, amma in ta tashi gudu ko mazan ba sa kamo ta. Kaftin ya ce tunda ta fara ba ta taɓa fashi ba. Ya karɓi wayata ya duba jerin, ya gangara har ƙasa kafin ya ga sunanta. Ya dube ni, ya sake duba wayar.

"Me ya kawo ta nan ƙasa?"

"Ai ita ta fi kowa laifi, Kaftin. Sata goma sha ɗaya."

Ya sallami yaran, ya ce in biyo shi. Muna tafe ina ta tunanin ko lissafin ne ya karkace, ko na tara abu sau biyu.

Gidan su yarinyar a hawa na biyar yake, ɗaki ɗaya da falo. Mahaifiyarta 'yar gudun hijira ce daga Sudan, aikatau take yi a gidajen mutane a Abbasiya. Ta buɗe ƙofa idonta jawur. Yarinyar na rakuɓe a kan katifa, kayan jakarta a zube a ƙasa, an bincike su tas.

Matar ta miƙo mini wayarta. "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Khala," na ce, wato inna da Larabci.

"To faɗa mini abin da ta sata. Kwana biyu ina tambayarta, ta ce ba ta ɗauki komai ba. Sau goma sha ɗaya. Me ta sata?"

Da kyar na ce, "Zango."

"Zango? Na wa? Ina ta kai shi?"

Na juya wajen Kaftin, don ni ma amsar nake jira. Ya cire silifas ɗinsa da nawa ya jera su a tsakar falon, kusurwa huɗu. Ya ce idan yaro na tsaye a zango, mai jifa ya ɗan shagala, sai ya ruga zuwa na gaba kafin a ankara. Wannan shi ake kira sata a wasan, kuma gwaninta ce, ba kowa ke iyawa ba. "Wallahi, 'yar'uwa, a duk yarana babu kamarta. Saboda ita ma mutanen nan suka neme mu."

Na zaci shi ke nan. Sai matar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ashe ba ta iya karatu ba, maƙwabciya ta kai wa ta karanta mata saƙon. Kafin dare duk benen ya ji. Wata ta hana 'yarta shiga ɗakinsu. Babban tashin hankalinta kada maganar ta kai gidan da take aiki, inda ake bar mata makulli. "Mu baƙi ne a ƙasar nan," in ji ta. "In aka ce 'yata ɓarauniya ce, wa zai tsaya ya tambaya ko ta wasa ce?"

Na ce, "Ma'alish, Khala," wato ta yi haƙuri, na ji kalmar ta yi ƙanƙanta a bakina.

A ranar ni da Kaftin muka bi ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya, yana jera takalma yana bayani, ni ina cewa kuskurena ne. Wasu suka yi dariya, wasu suka dube mu kamar mun zo rufa wa yarinyar asiri. Na gyara manhajar, na sake tura wa ƙungiyar jerin tare da ban haƙuri. Sunanta ya hau na biyu. A saƙon iyaye na cire kalmar gaba ɗaya, na rubuta "tsere zuwa zango".

Juma'a ta gaba mahaifiyar ta zo fili da kanta, ta tsaya nesa, hannu a ƙirji. Da yarinyar ta faki idon mai jifa ta ruga ta faɗa zango na biyu, yara suka ɗau ihu suna kiran kalmar nan. Na ga matar ta razana, ta waiga hagu da dama, sannan ta ga tafi ake yi. Ƙungiyar ta ɗauki yarinyar. Ni kuwa har na bar Masar gaisuwa kawai ke haɗa ni da yarinyar, ba ta sake sakin fuska da ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yau shekaru ke nan ina rubuta manhajoji, kuma darasin da na fi riƙewa a falon nan na koye shi. Duk lambar da na rubuta a gaban sunan mutum, wani zai karanta ta a inda ba na nan balle in yi bayani. Shi ya sa in ban gane abu ba nakan ce ban gane ba, ko wane ne a gabana, in yi ta tambaya har a gaji da ni.