Sallamar Gwaggo a Kangon Asibiti

"Salamu alaikum," in ji Gwaggo Hajara, tana tsaye a ƙofar ɗakin da ko rufi babu.

Muna hanyar komawa Daura jiya ta ce in tsaya a kangon asibitin masu taɓin hankali, inda ta yi aikin jinya tun kafin a haife ni. Ciyawa ta cinye baranda, awaki sun gaje ofishin likita. Amma duk ɗakin da za mu shiga sai ta yi sallama, ta ɗan dakata.

Na ce, "Gwaggo, jemagu kike yi wa sallama?"

Ta harare ni. "Da can ma dariya ake mini. Har dangin majinyatan faɗo musu ɗaki kawai suke yi, wai ai ba su san komai ba. A ɗakin nan akwai wata baiwar Allah da ta daina magana. Kullum in yi sallama, shiru. Ran nan sai na ji, 'Wa alaikumus salam, shigo.' Daga nan sauƙi ya fara."

A ɗaki na gaba ni na riga ta yin sallama.

Ku fa, wa kuka daina yi wa sallama don kuna ganin ba zai amsa ba?