Jan Ƙyallen Bindigar Kakanmu

Har gobe ba na son a ƙyasta ashana kusa da hancina. Jikokina dariya suke mini, wai tsohuwa mai tsoron ashana. Su yi ta yi. Ba wutar nake tsoro ba, warin ne, wannan ɗan warin da ke tashi kafin wutar ta kama. Warin albarushi ne sak, kuma da na shaƙe shi sai in gan ni a filin harbi da faranti a ka.

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ɗan ƙauye gefen Mawashi. Garma da fartanya da lauje su ke ci da gidan, amma abin da ya kai sunan kakanmu har Kankia shi ne bindiga, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Mutane na kiranta harba-ka-ruga. In ka faɗi haka a gabansa kun ɓata, don shi a cewarsa tasa ba a harbawa a ruga, tsayawa ake a ga abin da ta yi. Mutum ne gajere, mai zafin rai, kuma yatsu uku ne kawai a hannunsa na hagu. Sauran biyun bindiga ta tafi da su tun yana saurayi. Ni yake kira amarya, in kira shi tsohon mijina, in ce na fasa auren tunda ba ya ba ni kuɗin cefane. Duk da wannan wasan, in ya murtuke fuska ko fitsari nake ji sai ya koma.

Duk shekara in an gama girbi, an kai dawa rumbu, maharban wajenmu da na Kankia kan haɗu a wani fako tsakanin garuruwan su yi gasar harbi. Ƙwarya ake kifewa a kan turke, a ƙirga taku a ja layi, kowa harbi ɗaya. Wanda ya fasa ya tafi da rago, ƙauyensu kuma ya yi shekara yana baki. Shekara uku a jere Babanmu na zuwa yana dawowa hannu biyu, wani dogon mutumin Kankia na kada shi. Babanmu ya ce laifin tsohuwar bindigarsa ce. Kakanmu ya ce to, zai ƙera masa wadda ba za ta bar shi da abin fakewa ba.

Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, manyan motoci sun cika hanyar Kano zuwa Katsina, wasu na faɗuwa. Babanmu ya je wajen makanikan Kankia ya samo ƙarfen sitiyarin wata matacciyar mota, don Kakanmu ya ce shi ba ya yi wa ɗansa bindiga da bututun famfo. Wata uku ana abu ɗaya. Da safe ƙarar zuga-zugi, da hantsi masaba, da la'asar kukan magagari yana cin ƙarfe har haƙoran mutum su yi tsami. Gindinta da icen maɗaci aka sassaƙa, aka yi ta shafa masa man gyaɗa har ya yi duhu yana sheƙi. Tsoho yakan ɗaga bututun ya leƙa rana ta cikinsa da ido ɗaya, ya yi tsaki, ya mayar wuta.

Akwai dokoki biyu a maƙerar nan da ko akuyar gidan ta sani. Ta farko, sabuwar bindiga ba ta taɓa kafaɗar mutum sai an ɗaure ta a jikin tsamiyar bayan gida an ja kunamarta da doguwar igiya har sau uku, kowane ɗuri ya fi na baya nauyi. Ta biyu, duk bindigar da ke da ɗuri a cikinta ana ɗaura mata jan ƙyalle a wajen kunama. Ba a tambaya da baki, ƙyallen ake dubawa. In akwai shi, tana da ciki. In babu, wofi ce. Na ga ranar da ƙanen Babanmu, mutum da gemunsa da matarsa, ya kwance ƙyallen ya share zufa, Kakanmu ya bi shi da icen wuta har ƙofar gida.

Ana gobe gasa, an yi gwaji biyu lafiya. Tsoho ya yi ɗuri na uku, mai nauyin duka, yana neman igiya sai ga ɗan aike daga Bauranya, amininsa ya rasu. Ya ɗaura jan ƙyalle, ya jingine bindigar a kusurwa, ya hau jaki. Can zai kwana, daga can ya wuce filin gasa. Bai bar wa kowa sallahu ba, don a wurinsa ƙyallen shi ne sallahun: Babanmu zai dawo daga kasuwar Kankia ya gani, ya kai ta tsamiya ya ƙarasa gwajin.

To, ni kuma ina da 'yar tsana ta kara, ga ƙawayena sun shirya bikin 'yan tsana da la'asar, tawa ba ta da zane. Shekarata takwas, na san doka sarai, kada in yi maka ƙarya. Na leƙa maƙera ba kowa, ga ƙyalle sabo fil, ja wur. Na ce aro zan yi, in mayar kafin magariba. Da na je wurin wasa sai wata ta ce amarya ba ɗankwali? Aka kawo reza aka raba ƙyallen biyu, aka yi zane da ɗankwali. Sai da aka tashi na tuna da dokar Kakanmu. Na ce da sassafe zan ƙulla guntayen in mayar, ba wanda zai lura.

Da na farka kusurwar ba komai. Babanmu ya yi sammako da bindigar. Bai ga ƙyalle ba, ya ɗauka tsoho ya gama gwaji ya bar masa ita wofi.

Inna ta ɗora mini farantin dafaffiyar gyaɗa, ta ce in bi 'yan mata filin gasa. Ta kalle ni ta ce, "Ke lafiya? Ko masassara ce?" Bakina ya buɗe, amma sai na hango icen wutar nan da ƙanen Babanmu yana tsallake turmi. Na ce lafiya lau. Na soke 'yar tsanar a ƙugu, na rufe da zane, na fita.

Wallahi ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Duk hanya lissafi nake da kaina. Ai Baba zai gane. Ai in ya zura sandar ɗuri zai ji ta tsaya da wuri. Sai wata zuciyar ta ce ta yaya zai gane, bindigar da bai taɓa ɗurawa ba, bai san zurfinta ba? Na sha jin labarin yatsun Kakanmu a bakin tsofaffin gidan. Ɗuri ya yi a kan ɗuri, ƙarfen ya tsage a hannunsa, aka tsinci yatsa ɗaya a kan dangar maƙwabta. Kuma nasa ɗurin ma na harbin zomo ne, ba irin wanda ke cikin wannan ba.

Fili ya cika. Makaɗan maharba na ta zuga, dattawa na zaune a inuwar wata kuka can gefe, na hango hular Kakanmu a cikinsu. Aka fara. Duk harbi ɗaya sai hayaƙi ya taso fari, warin nan ya bi iska ya shiga maƙogwarona. Wani ya sayi gyaɗa, ban san ko na karɓi kuɗin ba. Sau biyu ina nufar wajen dattawan, sau biyu ina juyowa. Dogon mutumin Kankia ya harba, ya ɓantare gefen ƙwarya, mutanensu suka yi ihu. Saura Babanmu. In ya fasa ta a tsakiya, rago namu ne.

Ya fito yana murmushi, ya ɗaga sabuwar bindiga aka yi ta kirari. Ina kallo ya buɗe ƙahon albarushi ya zuba. Ina kallo ya tura tsumma, ya jefa dalma, ya danna da sanda. Sandar ta tsaya da saura, ya ɗan dube ta, ya ƙara dannawa da ƙarfi, makaɗi na kiran sunan kakanninsa a kunne. Sai ya zare ta. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, hannunsa na hagu ya riƙe bututun daidai inda abin yake, ya kwantar da kumatunsa a kan icen maɗacin. Kiɗa ya tsaya.

Ban yi shawara da kaina ba. Na dai ji farantina ya bugi ƙasa, gyaɗa ta watse, na gan ni rataye a hannun rigarsa. Allah ya sa bai kai yatsa kunama ba. Magana nake so in yi, ba ta fita, sai wani kuka kamar na ɗan akuya. Babanmu ya fizge ya daka mini tsawa, "Ke! Kin haukace? Wa ya bar yarinyar nan ta shigo?" Mutanen Kankia suka fashe da dariya. Wani ya ce maƙeran Mawashi sun ji tsoro, sun turo ɗiyarsu ta yi musu ceto. Wani ƙato ya kama ni zai janye, ni kuma na zaro 'yar tsanar na ɗaga sama, da jan zanenta da jan ɗankwalinta.

Ba wanda ya gane sai mutum ɗaya. Ban taɓa ganin Kakanmu na gudu ba sai ran nan, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ya kama bakin bindigar ya mayar sama, ya ce wa Babanmu a hankali, "Saki bindigar. Cire hannunka." Sannan ya dube ni. "Amarya, ina kika samo wannan?"

"A jikinta," na ce. "Jiya."

Ya zura sanda a ciki, ya riƙe inda ta tsaya, ya zaro ya gwada ta waje. Abin da ke ciki ya fi tafin hannu tsawo. Babanmu ya kalla, leɓensa ya yi fari. Mutumin Kankia ya ce ai duk dabara ce ta gudun kunya. Tsoho ya ce a ba shi igiyar jakinsa. Ya ɗaure bindigar a jikin wata bishiya, ya sa aka kore mutane nesa, ya laɓe bayan wani suri, ya yi bismilla ya ja.

Ƙarar ba irin ta sauran ba ce, a ƙirji na ji ta. Jakuna suka tsinke. Da hayaƙi ya lafa aka matsa, bututun ya tsage ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, icen maɗacin nan na wata uku ya zama tsinke-tsinke, wani guntun ƙarfe ya nutse a bishiyar daidai tsayin fuskar mutumin da ya durƙusa. Jama'a suka ɗauki salati. Babanmu ya zauna daɓas a ƙasa yana juya hannunsa na hagu yana kallo.

Rago ya tafi Kankia karo na huɗu. Ni kuwa na tsaya ina jiran icen wuta, har na rufe ido. Sai na ji an karɓi 'yar tsanar daga hannuna. Tsoho ya kwance guntun ƙyallen, ya kamo hannuna da yatsunsa uku, ya ɗaura mini a wuyan hannu. Ya ce wa Babanmu, "Wannan kada wanda ya taɓa ta." Daga nan ya juya baya ya daɗe yana fyace hanci. Tun ranar, duk ɗurin da zai yi sai ya ɗaura ƙyalle kuma ya faɗa da baki, ko da ni kaɗai ce a wurin.

Yau fakon nan gonaki ne, maƙerarmu ta zama shagon walda. A ƙasarmu yanzu in aka ji ƙarar bindiga ba mai tambayar wa ya fasa ƙwarya, yara ake tattarawa a nemi hanyar gudu. Jikokina ba su yarda cewa an taɓa zuwa kallon harbi da farantin gyaɗa ba.

Babanmu bai taɓa cin ragon ba har ya tsufa, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina zaune a bakin gado ina shafa masa man zafi a hannu, ya lura da abin da nake yi, don ashe a fili nake yinsa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Bar ƙirgawa, ɗiyata. Suna nan duka biyar."