Kanumfarin Baba a Kasuwar Banda

A Yerwa mahaifina dillalin banda ne, wato busasshen kifin da motoci ke kawowa daga bakin tafki ta hanyar Baga. A unguwar Abbaganaram muke zaune. Abin da zan faɗa ya faru ne a farkon shekarun sittin, lokacin ina jami'a, ina zuwa gida hutu. Wasu abubuwan na gani da idona, wasu kuma mahaifiyata, Inna, ce ta ba ni labari, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba.

Aikin dillali a wannan kasuwa aikin raɗa ne. Ba a faɗin farashi da ƙarfi. Baba zai kama hannun rigar mai kifi ya ja shi gefe, ya sa baki a kunnensa ya yi masa magana da Barbarci. Sannan ya taka zuwa wurin mai saye, sau da yawa ɗan kasuwa Ibo mai kai kaya kudu, ya yi masa raɗa da Hausa. Haka zai yi ta kai da kawowa har a sallama. Wanda mutane ba sa son ya matso kusa da fuskarsu ba shi da sana'a a nan.

Baba yana da 'yar batta a aljihu, cike da kanumfari. Duk tsofaffin unguwarmu suna taunawa. In sun ci burabusko ya zauna musu a ƙirji, sai su jefa ƙwaya ɗaya a baki, su ce tana narkar da abinci, tana kwantar da kumburi, tana gyara numfashi. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, amma ƙanshin kam gaskiya ne. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa koya mini, na tashi na tarar da ita: goro ake miƙa wa babba, kanumfari kuwa shi yake ɗauka da hannunsa. In ka miƙa masa, ka gaya masa bakinsa yana wari ke nan.

A shekarar da nake magana, numfashin Baba ya canza. Duk gidan mun ji, ba wanda ya ce uffan. Inna sai ta riƙa ajiye battar a cikin hularsa da safe, yadda ba zai fita bai gan ta ba. Shi ma ya sani. Daga ƙwaya ɗaya bayan cin abinci ya koma ba ya rabuwa da ita a kunci. Ya ce ciki ne, domin a wurinsu duk warin bakin tsoho daga ciki yake tasowa. Ya daina cin wake, ya daina man shanu, ya sha jiƙe-jiƙe har ya rame.

Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, a hannunsa ya girma. Baba ne ya kai shi kasuwa, ya nuna shi ga masu kifi, ya koya masa inda ake tsayawa da inda ake yin shiru. A lokacin Baffa ya kai ƙarfinsa, amma duk da haka manyan baƙi Baba suke nema.

Wata safiya na raka Baba kasuwa. Mota ta sauke kaya, mutane sun taru, ga wani babban mai kifi da ya daɗe yana sauka a hannunmu. Baba ya kama hannun rigarsa zai ja shi gefe. Sai Baffa ya shiga tsakaninsu, ya buɗe tafin hannunsa. Kanumfari ne, ƙwaya guda.

"Yaya, ga wannan tukuna," in ji shi, da murya yadda kowa zai ji. "Baƙonmu ya sha hanya, kada mu ƙarasa shi."

Wani ɗan dako ya fashe da dariya, wasu suka bi. Mai kifin ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Baba ya dubi hannun ƙaninsa. Akwai wata ƙwayar a bakinsa a lokacin, ina ganin tudunta a kuncinsa. Duk da haka ya karɓa, domin ƙin karɓa a gaban jama'a faɗa ne.

"Madalla, ƙanena," ya ce. "Da asuwakina ka koyi wanke baki. Ashe ka iya."

"Wasa ne, Yaya."

"Na ji wasan."

Mai yiwuwa wasan ne. Na yi shekaru ina juya abin a raina, ina neman hanyar da zan ba Baffa uzuri. Amma ƙwayar tana hannunsa tun kafin motar ta tsaya, kuma shi ba ya cin kanumfari a lokacin.

Daga ranar sunan ya bi Baba. Yaran kasuwa suna ce masa Mai Kanumfari in ya juya baya. Abin da a da kowa ke jurewa cikin shiru ya zama abin da kowa ke da izinin nunawa. In ya matso, sai mutum ya ɗan karkatar da kai, ko ya ce, "Faɗi daga nan, Baba, ina ji." Farashi kuwa ba a faɗinsa daga nesa. Baƙi suka fara zamewa wurin Baffa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa mai ladabi.

Kafin in koma makaranta Baba ya kira ni zaure. Ya zaunar da ni nesa da shi, ya juya fuska wajen ƙofa yana magana.

"Kai da ka yi boko, me littafinku ya ce game da cikin tsoho?"

"Baba, ba likitanci nake karanta ba. Amma ina ganin da mun je asibiti an duba."

"Su tsaga ni?"

"Dubawa kawai za su yi, ina jin."

"Ina jin, ina jin. Kullum kana ji, ba ka taɓa sani ba."

Bai je ba sai da na dawo wani hutun na tarar kuncinsa ya kumbura, ba ya iya buɗe baki sosai. A asibiti ma'aikacin da ya duba shi bai ko taɓa cikinsa ba. Haƙori ne, turmi na can ƙurya, ya ruɓe har dasashi ya yi ruwa. Ya tambayi Baba yadda ya jure zafin, Baba ya ce bai ji wani zafin kirki ba. Mutumin ya ga battar, ya gyaɗa kai. Ya ce kanumfari yana kashe zafin haƙori, kuma daidai kan wurin Baba yake ajiye shi. Iyakar fahimtata, abin da yake rufe warin da shi, shi ne ya hana shi gane inda warin yake.

Aka cire haƙorin. Da wurin ya warke, warin ya tafi gaba ɗaya. Inna ce ta tabbatar masa, ya sa ta rantse. Ya ci wake a ranar, ya ce a zuba masa man shanu.

Ranar da ya koma kasuwa ya bar battar a gida da gangan. Ya sa farar rigarsa, na bi shi a baya. Ya hango wani ɗan kasuwa Ibo da suka daɗe tare, mutumin kirki wanda yakan kawo mana kwakwa daga garinsu. Suka gaisa da fara'a. Baba ya kama hannun rigarsa, ya matso da bakinsa. Mutumin ya karkatar da kai tun kafin Baba ya furta komai. Ba na jin ya san ya yi. Jikinsa ne ya saba.

"Baba, sannu da jiki," ya ce. "Ƙaninka ya riga ya gama mini wannan lodin. Wani zuwan, in Allah ya yarda."

Baffa yana can gefe, bakinsa a kunnen wani. Ya ɗago mana hannu.

Baba bai sake zuwa kasuwar ba. Ya rayu shekaru bayan haka, numfashinsa lafiya lau, amma bai ƙara matsowa kusa da fuskar kowa ba. Ko jikokinsa in suka hau cinyarsa, gefe yake juya kai ya yi musu magana. Battar kuma ya koma mata, yana taunawa a zaure shi kaɗai.

Yanzu na kai shekarun da yake da su a lokacin, cikina ma ya fara ƙin wasu abinci. Kwanan baya matata ta sayo kanumfari ta ajiye kusa da hulata. Ta ce don shayi ne. Watakila don shayin ne. Na dai je an duba mini haƙora, aka ce ba komai, amma tun ranar ina lura ko kan mutane zai karkata in ina magana.