Ƙafar da Ta Cinye Shanuna

Assalamu alaikum. Tun damunar bara ban sake rubuta komai a nan ba. Wasu sun yi ta kira ban ɗauka ba, wani ma har ya tambayi yayana ko an yi sadakar arba'in. To, ina raye. Yau zan faɗa muku inda na shiga.

Waɗanda suka san ni a ƙauyenmu na gefen Minjibir sun san huɗa ce sana'ata. Shanu biyu gare ni, Fari da Gajere. Mu masu huɗa ba ma sa takalmi a bayan garma. Laka tana cire shi, kuma da tafin ƙafa kake gane ko ƙasa ta sha ruwa. Haka na ga Baba yana yi.

Ashe ciwon suga ya daɗe a jikina, ya kashe min jin ƙafa. Kututturen kara ya shige tafin ƙafata ta dama, na wuni ina huɗa a kansa ban ji komai ba. Matata Rakiya ce ta ga jini a tabarma.

Muka yi abin da kowa yake yi: ruwan gishiri, man birki, aka ɗaure da tsumma. Washegari na koma gona, don damuna ba ta jiran mai ciwo.

Kafin dawa ta fid da kai, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, tana wari. Yarana suka daina cin abinci kusa da ni. Wallahi wannan ya fi ciwon zafi.

Aka kai ni asibiti a Kano. Gwajin jini, hoton ƙafa, allurar suga, wankin ciwo kowace safiya. Aka cire yatsu biyu, amma ciwon ya ƙi rufewa.

Likita ya ce, "Malam Haladu, in bai tsaya ba, daga ƙasan gwiwa za mu yanke."

Ina aka taɓa ganin mai huɗa da ƙafa ɗaya?

Sai ya ce akwai abin da za a iya gwadawa, amma bai yi alkawari ba. A wani asibitin kuɗi, a gari mai nisa, ana sa mutum cikin na'ura yana shaƙar iskar oksijin zalla da matsi, don jini ya kai ta har cikin naman da ya ƙi warkewa. Da ya faɗi kuɗin sai da na yi dariya. A shekarar da kwanon masara yake gagarar magidanci, kuɗin mota kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya.

Yayana Sabo ya ce, "Sai dai shanun nan."

Na ce, "Yaya, in an sayar da su, me zan yi da ƙafar?"

Ya ce, "In an yanke ta, wa zai bi su?"

Ina kwance aka kai su kasuwa. Rakiya ta ce Gajere ya ƙi hawa mota sai da aka yi masa taron dangi. Na juya fuska bango.

Da kuɗin shanun aka kai ni asibitin. Na'urar kamar tankin ruwa take a kwance, mai gilashi. Ba waya, ba turare, ko mai ba a yarda ka shafa ba, saboda gudun gobara. A gwada suga, a tura ka ciki, a rufe. Kunnuwana suka toshe, ina ta haɗiyar yawu kamar yadda aka koya min. Ranar farko kalmar shahada na yi ta maimaitawa, don kabari kawai nake tunawa.

Haka kullum, mako bayan mako, ba canji. Ni ba abin da zan iya sai kwanciya, ina jin shanuna suna ƙarewa a cikin iska. Na sha yin kuka a ciki, tunda ba mai ji.

Wata safiya mai wankin ciwo ta ce, "Baba, duba, jan nama ya fara tasowa." Ban yarda ba sai da ta ɗauki hoto ta nuna min.

Alhamdulillahi, ciwo ya rufe. Allah Ya saka wa likitocin nan, da Yaya Sabo, da Rakiya da ba ta taɓa toshe hanci a gabana ba.

Don Allah ku je a gwada muku suga. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya taka gona ba takalmi. Ku raba ciwo da man birki. Na'urar nan kuma ba ta kowa ba ce, likita ne zai faɗa, kuma ba ta hana shan magani.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Na sa takalmin roba na taka har gona. Na tsaya ban san ko ƙasa ta sha ba, sai da na tambayi Yaya.

Garmata tana jingine a bayan rumbu. Duk mai shanun da ba shi da mai bin su, ya neme ni. Ƙafar tana nan.